Thich Nhat Hanh: wane ne shi, kuma me ya koyar da Turawa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke arewacin Ingila, shekarata uku ke nan da zuwa. Kwanan nan aka buɗe mana wani aji na mako takwas, wai don rage gajiyar aiki da damuwa, suna kiran abin mindfulness. Matar da take koyar da mu ba ta rabuwa da ambaton wani tsoho mai suna Thich Nhat Hanh, har ta ba ni aron littafinsa. A bangon littafin na ga hotonsa da aski ƙwal da riga ruwan ƙasa. Don Allah wane ne wannan mutumin? Yaya aka yi mutumin Asiya ya zama malamin Turawa, kuma da me irinsu suke ci? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, addini ake koya mana a fakaice, ko dabarar lafiya ce kawai?

Daga wata 'yar'uwa a Ingila

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da aiki, Allah ya ba da lada.

Wanda kika gani a bangon littafin ɗan zuhudu ne na addinin Budda, mutumin ƙasar Biyetnam. An haife shi a 1926, ya mutu ranar 22 ga Janairu, 2022, yana da shekara 95. Kalmar Thich ba sunan yanka ba ce. Galibin 'yan zuhudun Budda a Biyetnam, maza da mata, da ita suke fara sunansu, don jingina kai ga Sakya, dangin da Budda ya fito. Almajiransa kuwa Thay suke ce masa, wato Malam. Ni zan riƙa ce masa Nhat Hanh.

Wanda ya san shi ta littattafan da ake jerawa a shagunan filin jirgin sama zai ɗauka wani dattijo ne da bai taɓa ganin tashin hankali ba, ya zauna ƙarƙashin bishiya yana ce wa mutane su yi murmushi. Tarihinsa ba haka ya nuna ba. A cikin yaƙi ya ƙera koyarwarsa, kuma wanda bai san yaƙin ba zai yi wa koyarwar gurguwar fahimta.

Yana ɗan shekara 16 ya shiga gidan zuhudu na Tu Hieu, kusa da birnin Hue. A farkon shekarun 1960 ya je Amurka, ya yi karatu a Princeton, ya koyar a Jami'ar Columbia, sannan ya koma gida a daidai lokacin da ƙasar take rikicewa. A watan Yunin 1963 ne wani tsohon ɗan zuhudu, Thich Quang Duc, ya cinna wa kansa wuta a tsakiyar titi a Saigon, babban birnin Kudancin Biyetnam a lokacin, don nuna adawa da yadda gwamnati take takura wa mabiya Budda. Yaƙi tsakanin Arewa da Kudu yana ta ƙamari, Amurka tana ƙara tsoma hannu. Tambayar da ta tsaya wa 'yan zuhudu ita ce: mu ci gaba da zama a ɗakin ibada muna lura da numfashi, ko mu fita mu kwashi waɗanda bam ya rutsa da su? Nhat Hanh ya ce duka biyun za a yi, kuma a lokaci guda. Ya kafa makarantar horar da matasa aikin taimakon al'umma, suna shiga ƙauyuka suna gina makarantu da ɗakunan shan magani, suna sake tayar da gidajen da aka rusa. Akwai ƙauyen Tra Loc da suka gina, aka yi masa ruwan bama-bamai, suka sake ginawa, aka sake rusawa, suka sake komawa. Da yake sun ƙi bin kowane ɓangare, kowane ɓangare ya ɗauke su 'yan leƙen asirin ɗayan. A 1967 an kwashe biyar daga cikin samarin da dare aka kai su bakin kogin Saigon aka harbe su. Ɗaya ne ya rayu.

To, a irin wannan hali ne yake ce wa matasan su lura da shigar numfashi da fitarsa. Manufar ita ce wanda ya binne abokinsa da safe ya iya komawa aiki da yamma ba tare da ƙiyayya ta cinye shi ba.

A 1966 ya koma Amurka don ya roƙi a tsayar da yaƙin. A wannan tafiya ya gana da Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, wanda a farkon 1967 ya gabatar da sunansa don a ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. A shekarar ba a ba kowa lambar ba. Wani Ba'amurke mai suna Jim Forest, da ya riƙa raka shi, ya ba da labarin wani dare a wata majami'a a yankin St. Louis. Wani mutum ya miƙe cikin fushi ya ce masa, in har ka damu da mutanenka, me kake yi a nan, me ya sa ba ka can tare da su? Nhat Hanh ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya amsa da murya ƙasa-ƙasa cewa mai son bishiya ta rayu saiwa yake ba ruwa, ba ganye ba, kuma da yawa daga saiwoyin wannan yaƙi a nan ƙasarku suke. Yana gamawa ya fice. Da Forest ya bi shi waje, sai ya tarar da shi a tsaye yana kokawa da numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ashe maganar ta sosa shi matuƙa, da ƙyar ya danne fushin har ya ba da amsa. Ina son wannan labari don ya nuna natsuwar mutumin ba halitta ba ce, aiki ne da yake yi da gumin goshi.

Kiran zaman lafiyar nan shi ya jawo masa gudun hijira. Gwamnatin Kudu ta hana shi dawowa, da 'yan kwaminis suka karɓi ƙasar a 1975 su ma suka ƙi shi. Shekara 39 ya yi bai taka ƙasarsa ba. Ya zauna a Faransa, ya jagoranci tawagar mabiya Budda a lokacin tattaunawar sulhu ta Paris. A tsakanin 1976 da 1977 yana Singafo yana hayar jiragen ruwa don ceto 'yan Biyetnam da suke gudu ta teku a ƙananan kwale-kwale, har hukuma ta gano, 'yan sanda suka zo masa cikin dare suka ba shi awa 24 ya bar ƙasar, alhali ɗaruruwan mutane suna kan ruwa suna jiran sa.

Ga amsar yadda ya zama malamin Turawa: bai zo don su ba, ƙofar gida ce aka rufe masa. Littafin da ya yaɗa sunansa a Yamma, The Miracle of Mindfulness, wanda ya fito da Turanci a 1975, asalinsa doguwar wasiƙa ce da ya rubuta da harshen Biyetnam zuwa ga wani ma'aikacin makarantarsa da ke can cikin yaƙi. Aka fassara, sai ga shi Turawan da ba su taɓa jin ƙarar bam ba sun ga kansu a ciki. A nan ne ya kawo misalin wanke-wanke da ya yi fice. Ya ce wanda yake wanke kwano hankalinsa yana kan shayin da zai sha in ya gama, to bai rayu ba a lokacin wankin, kuma in ya zauna shan shayin ma hankalinsa zai tafi wani wuri. Haka mutum zai ƙare kwanakinsa yana bin gaba, bai taɓa zama inda yake ba.

A 1982, shi da almajirarsa ta tun Biyetnam, Chan Khong, suka sami tsofaffin gonaki a kudu maso yammacin Faransa, gabas da birnin Bordeaux, suka kafa Plum Village. Sunan ya samo asali ne daga itatuwan plum da suka dasa, wani ɗan itace mai ƙwallo ɗaya a ciki, ki ƙaddara ɗinya amma ya fi ta girma da tsoka. Wurin ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan gidajen zuhudun Budda a Turai, da unguwar maza daban ta mata daban, kuma dubban baƙi suna zuwa duk shekara. Daga baya aka buɗe rassa a Kalifoniya da jihar New York da Mississippi, da Jamus, da Tailan.

Abin da baƙo yake fara lura da shi a can shi ne ƙararrawa. Ana tsakiyar hira, ko ana yankan albasa a kicin, ko yaro yana gudu, da zarar ta kaɗa sai kowa ya tsaya cik. Mai magana ya yanke maganarsa a tsakiya, mai wuƙa ya ajiye hannu, a ja numfashi a sauke kamar sau uku, sannan a ɗora daga inda aka tsaya. Har agogon bango in ya buga, ko wayar tarho in ta yi ƙara, haka ake yi. Ana tashi tun da asuba a zauna shiru. Ana tafiya a hankali cikin gona a jere, ba mai magana, kowane taku a haɗe da numfashi. Farkon cin abinci shiru ake yi, a tauna loma sosai kafin a haɗiye. Ba nama, ba giya. Akwai rana guda a mako da ba a tsara komai, suna ce mata ranar lalaci. Akwai kuma wani zama na sasanta tsakani, inda wanda aka ɓata wa rai ba zai fara da ƙorafi ba sai ya fara faɗin alherin da ya sani na wanda ya ɓata masa, sannan ya amsa nasa kuskuren, sannan ya faɗi inda aka taka shi. A ganina wannan zaman ya fi zaman shirun wuya nesa ba kusa ba.

Shi kansa, lokacin da yake can, a ƙaramar bukka ta katako yake zama idan yana unguwar maza. Yana noman latas, yana rubutu, yana zanen kalmomi da buroshi da tawada. Ya sha ba da labarin wata masaniya da ta ce masa ya daina ɓata lokaci a lambu ya zauna ya rubuta waƙoƙi, tunda kowa ma zai iya shuka latas. Ya ce mata in bai shuka latas ɗin ba, waƙar ma ba za ta zo ba.

Batun da me suke ci, sai a raba. Ɗan zuhudu irin Nhat Hanh ba ya aure, ba ya da albashi, ba ya tara dukiyar kansa. Jama'ar ce take ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta yi jinyarsa. Ita kuma jama'ar tana samu ne daga kuɗin masauki da abinci da baƙi suke biya, da kyautar masu hali, da cinikin littattafai, kuma shi ya wallafa fiye da 100. Akwai kuma malamai Turawa waɗanda ba 'yan zuhudu ba, da suka je Asiya suka koyo suka dawo, irin su Jack Kornfield da Joseph Goldstein da Sharon Salzberg, waɗanda suka kafa cibiya a garin Barre na jihar Massachusetts a tsakiyar shekarun 1970. A irin wuraren nan al'adar ita ce ɗalibi ya biya kuɗin kwana da abinci, malami kuma a ba shi abin da ya sawwaƙa a ƙarshe, abin da suke kira dana, wato kyauta. Kwasa-kwasan kwana goma na tsarin wani malami ɗan asalin Indiya, S. N. Goenka, su ma ba a biyan ko sisi, tsofaffin ɗalibai ne suke ɗaukar nauyin sababbi. Sai kashi na uku, wanda ina jin malamarku tana ciki: masu takardar shaidar horo, da asibiti ko kamfani yake biya kamar kowane ma'aikaci.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, wadda ita ce babba.

Kalmar da ake fassarawa da mindfulness ita ce sati, a harshen Pali da aka adana tsofaffin nassosin Budda da shi. Asalin ma'anarta tunawa. Da Hausa na fi son in ce halartar zuciya, wato hankalin mutum ya kasance a kan abin da yake yi yanzu. A addinin Budda, sati ɗaya ce daga rassa takwas na hanyar da suke cewa tana kai mutum ga kuɓuta daga wahala, kuma akwai nassi sukutum a kan lura da numfashi, mai matakai 16, wanda Nhat Hanh ya fassara ya yi wa sharhi. Saboda haka tushen abin addini ne, babu ja. Kuma Plum Village gidan addini ne. Akwai mutum-mutumin Budda, ana ƙona turare, ana rera addu'o'insu, ana faɗuwa ƙasa da goshi a wani aiki da suke kira taɓa ƙasa. Wanda ya so yana karɓar alkawura biyar: kiyaye rai, barin ɗaukar abin wani, tsare kai a sha'anin jima'i, gyara harshe da sauraro, da lura da abin da ake ci da sha har da abin da ake kallo. Malamai kuma ana naɗa su ne a wani biki da ake miƙa musu fitila, alamar izinin koyarwa, kamar yadda shi ma ya karɓa daga malaminsa a 1966 a silsilar Linji da ta faro daga Sin. Addinin Budda bai ginu a kan imani da Mahalicci ba, kuma Nhat Hanh bai koyar da hakan ba. Gaskiya ne yakan ce wa baƙinsa Kiristoci da Yahudawa da Musulmi kada su bar addininsu, su koma su riƙe tushensu. Amma wannan maganar ita ma daga fahimtarsa ta addini ta fito, kuma ba kowane malamin Kirista ba ne ya yarda da yadda ya kwatanta Budda da Annabi Isa a littattafansa.

Ajin asibitinku kuwa wata hanya ya biyo. A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, wanda ya yi koyi a wurin malaman Budda, ya tsara wani shiri, wanda yau ake yi cikin mako takwas, a asibitin Jami'ar Massachusetts don masu ciwon da ya ƙi jin magani. Da gangan ya cire turare da rusunawa da sunan Budda, ya bar lura da numfashi, da bin sassan jiki da hankali daga yatsun ƙafa zuwa ka, da motsa jiki irin na yoga mai sauƙi. In an ba ku zabibi ƙwaya ɗaya a ranar farko aka ce ku kalle shi, ku shinshina, ku tauna a hankali, to nasa tsarin ne ko wanda aka gina a kansa. A 2004 hukumar da take tantance hanyoyin jinya a Ingila ta amince da wani reshe na wannan tsari ga masu ciwon baƙin ciki da yake yawan dawowa. Amfaninsa ga damuwa da gajiyar rai yana da hujjar bincike, sai dai matsakaici ne, bai kai yadda masu talla suke zuzutawa ba. Kuma ke da kike aikin lafiya ya kamata ki san cewa wasu, musamman waɗanda suka taɓa shiga mummunan tashin hankali, dogon zaman shiru yana iya tayar musu da firgici. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta yi shekaru tana bincike a kan haka.

Ra'ayina a nan shi ne, abin da aka cire daga koyarwar Nhat Hanh kafin ta iso ofisoshi ya wuce turare da mutum-mutumi. An cire ɗa'a, an cire jama'a. Shi bai taɓa raba numfashi da alkawuran nan biyar ba, kuma ya sha nanata cewa mutum shi kaɗai ba ya iya riƙe wannan aiki sai da abokan tafiya. Ya taɓa zama da tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙi a ƙasarsa. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi cewa bayan an kashe abokansa, ya ɗana abin fashewa a cikin burodi ya ajiye a hanyar ƙauye, ya ɓuya yana kallo yara biyar suka ci suka mutu, kuma tun daga ranar ba ya iya zama ɗaki ɗaya da yara. Nhat Hanh bai ce masa ya ja numfashi ya manta ba. Ya ce masa gaskiya ne ka kashe biyar, amma yau ɗin nan akwai yaran da suke mutuwa don rashin ƙwayar magani ɗaya, tashi ka je ka ceci waɗannan. Ki gwada wannan da asibitin da ma'aikata suka yi ƙaranci, ana tara wa mutum ɗaya aikin mutum uku, sannan a tura shi aji ya koyi haƙuri. Ajin ba laifi ba ne, amma ba ya maye gurbin ɗaukar ma'aikata.

Shi ma bai tsira daga suka ba. An soke shi da ya je ya yi wa ma'aikatan Google jawabi a 2011 da 2013, ana cewa ya ba masu kuɗi abin ƙara kaifin neman riba. An soke shi da ya koma Biyetnam a 2005 da izinin gwamnati, alhali shugabannin ƙungiyar Budda da hukuma ta haramta, irin su Thich Quang Do, suna tsare. Suka ce an yi amfani da shi an wanke fuskar gwamnati. Bayan shekara huɗu, a 2009, aka tasa almajiransa kusan 400 da ƙarfi daga gidan zuhudu na Bat Nha, abin da ya ƙarfafa maganar masu sukar. Wasu masana kuma suna ganin ya sauƙaƙa addinin ƙwarai don ya shiga kunnen Bature. Abin da ba a jingina masa ba shi ne irin abin kunyar da ya kayar da wasu manyan malaman Budda a Yamma, kamar Sogyal Rinpoche, wanda ya sauka daga shugabancin ƙungiyarsa a 2017 bayan almajiransa takwas sun rubuta wasiƙa suna zarginsa da duka da lalata. Na kawo wannan ne don kada riga da tattausar murya su ruɗi kowa.

A watan Nuwamban 2014 jini ya tsinke masa a ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da shiru sai ga shi ya yi shekara bakwai da 'yan watanni ba ya iya furta jimla. A 2018 ya nuna da ishara yana son a mai da shi Tu Hieu, inda aka fara aske masa kai, kuma can ya cika.

Hukuncin halas ko haram ba fagena ba ne, Malama, na malaman fiƙihu ne, kuma zai fi kyau ki kai musu bayanin abin da ake yi a ajin filla-filla maimakon sunansa kawai, don suna ɗaya ya rufe abubuwa mabambanta. Kafin nan, ki tambayi malamarku a ina ta sami horo, kuma tsarin wa take bi. Ki lura ko akwai rusunawa, ko rera wasu kalmomi da ba ki san ma'anarsu ba, ko mutum-mutumi a ɗakin. A tsarin asibiti na ainihi babu ko ɗaya daga ciki, ƙaramar ƙararrawar da ake kaɗawa ta nuna farkon zama da ƙarshensa ce kawai. In an kawo wani abu da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, kina da damar ki ce ba za ki yi wannan ɓangaren ba. Littafin da ta ba ki aro kuwa ki karanta shi da sanin cewa malamin addinin Budda ne ya rubuta, ko da ba ki ci karo da sunan Budda a kowane shafi ba.